Zogale Daidai Tsawona

Wata Talata da sassafe, cikin ƙaramar daminar 1955, Kaka ta miƙo mini ƙwarya ta ce in zaga bayan gida in tsinko kuɓewa kafin rana ta fito ta sa ganyen ƙaiƙayi. An kwana ana ruwa, jan laka yana kutsawa tsakanin yatsun ƙafata. Na ture ƙyauren lambu da gwiwa kamar kullum, sai na tsaya cak. A jikin kowane zogale da ya kewaye lambun an ɗaura jan ƙyalle. Ba tsumman da iska ta kwaso ba ne, sabon yadi ne aka yayyaga siri-siri, aka ƙulle shi tam daidai ƙirjin babban mutum. Ba a taɓa ko tumatir ɗaya ba. Sai sawun takalmi da ya bi ta tsakanin kunyoyi, ya zaga ya fita, mu kuwa duk gidanmu ba mai shiga lambu da takalmi. Na ajiye ƙwaryar a hankali kamar wani na saurare, na koma cikin gida da tafiya.

Sunana Azumi, lokacin shekaruna tara ne ko goma, ba wanda ya rubuta. Gidanmu yana ƙarshen Dichemso, a Kumasi, inda a wancan zamani kana wuce mu sai rafi da gonakin koko. Kaka mahaifiyar Babana ce, Bagobira daga wajen Maraɗi, ta biyo kakana da ya zo fataucin goro, ya rasu ya bar ta a nan. Baba tela ne, yana da rumfa a Ashanti New Town. Ƙasar da gidan yake kai ba tamu ba ce, ta wani dattijon Batone ce, wato mutumin Asante, da muke kira Aja Mensa. Shi ya ba kakana wurin gini da baki, a gaban shaidu. Daga baya ya ƙara wa Kaka filin bayan gida har gangaren rafi, ya ce ta riƙa shuka kayan miya. Tun daga nan, duk abin da lambun ya fara bayarwa, kwandon farko gidansa ake kai wa, kuma da na yi wayo ni ce mai ɗauka.

Lambun nan shi ne duniyar Kaka, kuma ta sa ya zama tawa ko ina so ko ba na so. Akwai kuɓewa, da yakuwa, da rama, da alayyafo da muke ce wa alefu, da ayoyo mai yauƙi, da gauta, da barkono, da kabewa da ke yaɗo ta haye rufin banɗaki. Irin duk nata ne, a ƙulle cikin tsummoki a rataye saman murhu inda hayaƙi ke korar ƙwari. Ganyen gwaza da Tonawa ke yi wa miya ta raina shi ƙwarai, takan ce ita ba ta baro garinsu don ta ci ganyen da ke fitowa ba a roƙe shi ba, amma idan maƙwabta suka aiko da miyarsa sai ta share kwanon tas. Aikina da safe in barbaɗa toka a ganyen kuɓewa, in tsince katantanwar da ta kwana tana ci mana alefu. Yaran Tonawa kan tsaya bakin shinge suna jira in juye musu ita, su tafi da murna su dafa su ci, ni ina kallonsu da mamaki, su ma suna mamakin yadda nake tauna ɗanyar yakuwa da gishiri ban yamutsa fuska ba. Ranar Alhamis ba ma sa fartanya a ƙasa, don masu ƙasa ba sa noma ranar. Kaka ba ta yarda da dalilinsu ba, amma ba ta taɓa karya musu ba, ni kuwa ranar ce nake samun yin ampe, wasan tsalle da tafi, da ƙawayena har duga-dugaina su yi zafi.

Na sha ƙorafin aikin, amma ban taɓa ƙorafin cin ba. Wanda bai taɓa tsinkar tumatir da rana ta ɗumama ya gatsa a tsaye, ruwan na bin haɓarsa ba, ba zan iya gaya masa ba. Kuɓewar da aka tsinka bayan asuba aka kaɗa da hantsi daban take da wadda ta kwana a faifan kasuwa. Akwai watannin da keken Baba ke yin shiru, ba mai kawo ɗinki, amma ba mu taɓa cin gayan tuwo ba. Kuma lambun ya ba Kaka girma a unguwa. Duk macen da ta haihu, sai an ga ƙwaryar Kaka ta nufi gidan cike da yakuwa da zogale. Mata kan shigo da hantsi su gaishe ta, su fita da ɗan ganye a bakin zane, ba a taɓa cewa sun roƙa ba.

Zogalen ya fi komai daraja a wurinta. Asalinsa wasu 'yan sanduna ne da wani farke ya saro mata daga gidan mahaifiyarta, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, suka yi doguwar tafiya a saman motar kaya. Ta kafa su don shinge, don awakin unguwa ba su da kunya. Ruwan Kumasi kuwa ba irin na Gobir ba ne, zogalen ya samu abin da bai taɓa gani ba, ya haukace da girma. Ta yi ta sarar rassa tana kafawa har ya kewaye lambun, ya wuce rufin gida, ya yi fure fari, ya zubo dogayen 'ya'ya. Mukan yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli, mu yi miyarsa da gyaɗa. A kanmu dai zogale miya ne da shinge. Idan aka ce itace, kuka muke tunawa, ko tsamiya, ko mangwaro. Abin da ko wutar girki ba ya riƙewa, wa zai kira shi itace?

To, a shekarar da na ga jan ƙyallen nan, Kumasi ba ta zaune lafiya. Rikicin siyasa ya raba gari, wasu na son ƙasar Asante ta riƙe al'amuranta, wasu na bin gwamnatin Akra, zango ma, unguwannin baƙi irinmu, ya rabu har a cikin masallaci. Ana jin an jefi motar wane, an ƙona gidan wane, ana kuma raɗe-raɗin cewa kafin a zo wa gida sai an sa masa alama. Baba yana ɗinka wa kowane ɓangare, shi ya sa yake ganin kowane ɓangare na iya riƙe shi a zuci. Da ya leƙa lambun ya ga ja a jere, sai ya dawo ya zauna a kan turmi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ranar ya kwance kan kekensa ya kai ajiya gidan abokinsa. Mma, mahaifiyata, ta ƙulle tufafinmu a zannuwa ta jera bayan ƙofa. Aka hana ni zuwa makarantar allo, aka hana kowa taɓa ƙyallen.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba maganar wuta ba ce, shirun da ya sauko wa gidan ne. Mata suka zo kamar yadda suka saba, suka leƙa ta ƙyaure, suka yi salati ƙasa-ƙasa, suka fita hannu wofi. Kashegari ba wadda ta zo. Yaran katantanwa ma suka ɗauke ƙafa. Ta saman katanga nake hangen kuɓewa tana girma tana ƙeƙashewa, tumatir na fashewa a jikin uwarsa, tsuntsaye na shagali, ƙyallen kuwa ruwa ya jiƙa shi ya ƙara ja. Kaka ce kawai ta ƙi bin dokar Baba. Ta shiga ta daɗe tana bin sawun takalmin da ido, ta fito tana karkaɗe hannu ta ce, "Wanda ya yi wannan manomi ne. Bai taka mini ko ganye ɗaya ba." Na ɗauka wannan zai kwantar mata da hankali, sai na ga akasin haka. Ta cika kwando da mafi kyawun abin da ya rage, ta aza mini a ka, ta ce in kai gidan Aja Mensa, in kuma buɗe idona da kyau.

Na tarar da dattijon a zaune ƙarƙashin rumfa. Da can yana hango ni yake kiran sunana yana tsokanata, ranar kuwa ya amsa gaisuwata yana kallon ƙasa. Wanda ya taso ya tare ni Kofi ne, ɗan 'yar'uwarsa, magidanci mai faɗin kafaɗa da ke kula masa da gonaki. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in mayar wa Kaka da kwandonta, in ce suna nan zuwa. Ina juyawa idona ya sauka a kan takalminsa da ke jingine da bango, da busasshen jan laka a gindinsa. Kwandon nan da na ɗauko ba nauyi, a hanyar komawa sai da wuyana ya yi ciwo. Kaka ta dube shi yadda ya dawo a cike, ta ce wa Baba ya je ya ɗauko kan kekensa, ba gidan ake nema ba, lambunta ake nema.

Sun zo ranar Asabar da hantsi, dattijon ya yafa zanensa a kafaɗa yana dogara sanda, Kofi a bayansa. Suka ƙi tabarma, suka ce a lambu za a yi maganar. Kofi ne ya yi bayani da Tonanci, Baba yana juya wa Kaka. Ya ce a al'adarsu baƙo yana shuka abin da zai girbe ya ci, amma ba ya dasa itace a ƙasar da aka ara masa, don itace yana daɗewa fiye da wanda ya ba da aron, wata rana jikoki su nuna shi su ce ga shaidar wurin nasu ne. Ya ce sun ga yadda aka yi ta shari'a a kan gonakin koko da suka fara da haka. Ya ce a wurinsu ɗan 'yar'uwa ne ke gado, don haka ƙasar nan amanarsa ce, ga shi an kewaye ta da itatuwa kamar an shata iyaka. Abin da yake so, a tuge komai, a mayar musu da filin.

Kaka ta saurara har ƙarshe, tana ta waige-waige tana neman itacen da ake magana. Da ta gane zogalen ake nufi, ta kai hannu ta zage ganye cike da tafi, ta miƙa wa dattijon a gaban fuskarsa.

"Aja, wane itace? Wannan miya ce. Shekara nawa kana cin ta?"

Aja Mensa yana jin Hausa irin ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji, Mame yake ce wa Kaka, wato uwa. Ya matsa ya kama gindin zogale mafi tsufa da hannu biyu, yatsunsa ba su haɗu ba.

"Mame, na ci, yana da daɗi sosai paa," in ji shi. "Bakina ya ce miya ne. Amma kai ka duba, idona ya ce itace ne."

Ba wanda ya yi dariya. Kaka ta tsaya da ganye a hannu, ni kuwa tsoro ya kama ni irin wanda ko ranar ƙyallen ban ji ba. Ta ce a hankali ita ba ƙasa take nema ba, ƙasarta tana can inda ta baro, wannan daga gidan uwarta ya zo, shi kaɗai ya rage mata daga can. Kofi ya kau da kai. Dattijon ya daɗe yana kallon zogalen daga sama har ƙasa, sai idonsa ya faɗo kaina, ina raɓe da ƙyaure. Ya yafito ni da sanda, ya tsayar da ni a jikin gindin, ya ɗora tafinsa a kaina. Ya ce duk abin da bai wuce kan yarinyar nan ba, miya ne, a bar wa Mame kayanta. Abin da ya wuce kanta, itace ne, ba shi da wuri a ƙasarsa. Kofi ya buɗe baki, dattijon ya ɗaga sanda kaɗan, ya rufe.

Baba ya ce zai kira masu sara, Kaka ta ce ba wanda zai sa wa zogalenta ƙarfe sai ita. Ta wasa adda a dutse. Ta tsayar da ni a jikin na farko, bayana manne da ɓawon, ta ce, "Miƙe sosai, kar ki motsa." Har yau ina jin iskar addar nan tana wucewa ta saman ɗankwalina, da ɓarɓashin icen mai ɗanshi da ke zubo mini a wuya, da ƙarar rassan suna faɗawa cikin kabewa. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ina rufe ido, tana sara, Kofi yana kwance ƙyallensa yana ninkewa. Da muka gama, lambun ya zama tsirara, kowa a hanya yana ganin cikinsa. Ganyen da aka sauke ya cika tabarmi, aka shanya, aka raba wa unguwa, matan da suka ɗauke ƙafa suka dawo da ƙorensu kamar ba abin da ya faru. Kaka ta ba kowace, amma ni na riƙe sunayensu.

Zogale ba ya fushi da sara. Kafin damina ta ƙare kowane kututture ya tofo, ganyen ya fi na da yawa da laushi, ga shi daidai hannuna, ba sai an nemo gora ba. Ba mu taɓa cin kwaɗo kamar na shekarar ba. Sai dai duk sabon wata a tsayar da ni a sake aske shi, don haka bai ƙara yin fure ba, bai ƙara ba da iri ba. Na zama ma'aunin lambu. Kaka ta shiga ɗura mini abinci, tana tura mini nata naman tana cewa, "Ci ki yi tsawo, 'yar tsugul, zogalena yake jira." Wata rana ta naɗa mini ɗankwali mai tudu kamar na amarya kafin awo, sai muka ji murya daga hanyar rafi ana cewa ban da ɗankwali. Kofi ne. Ba mu san yana wurin ba. Daga ranar na lura kusan kullum sai ya bi ta hanyar, ba ya magana, ya dubi shingen, ya dube ni, ya wuce.

Ni ina murna ina tsawo, Kaka kuwa ba tsawona take kallo ba. Duk lokacin da na dawo daga kai kwando, tambayarta ɗaya, yaya na ga ƙafafun dattijon, ya taso da kansa ko an riƙe shi. Ranar da na ce mata a kwance na same shi, ta tashi nan take. Ta nemo tsohuwar garwar kananzir ta huda gindinta, ta cika ta da sharar tsakar gida da kashin awaki da tokar murhu, ba ta ɗebi ko tafi ɗaya na ƙasar lambu ba. Ta saro reshe ta kafa a ciki, ta ɗora garwar a kan dutse a ƙofar ɗakinta don kada saiwa ta taɓa ƙasa. Na tambaye ta dalili, ta ce wannan ba a ƙasar kowa yake ba.

Aja Mensa ya rasu shekara guda bayan samun 'yancin kai. Mun ji gangunan makoki tun daga tsakar gida, unguwarsu ta cika da ja da baƙi, Kaka ta sa Baba ya raka ta ta yi gaisuwa. Bayan sun gama al'adunsu na arba'in, Kofi ya zo, wannan karon ba ƙyalle, sai igiya da turaku da leburori. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai wulaƙanta mu ba. Ya ce gidan alkawarin kawunsa ne ga kakana, yana nan. Maganar tsawon yarinya kuwa ta bi mai ita. Ya jira har kuɓewa ta gama bayarwa, sannan aka tuge kututturan aka haƙa harsashin ɗakunan haya. Ranar Kaka ba ta leƙa ba. Ta zauna a ƙofar ɗakinta tana tsince irin yakuwa a faifai, ni kuwa na yi kuka har na gaji, ta bar ni na yi. Ta rayu shekaru bayan haka tana shuka barkono da alefu a fasassun tukwane, kuma duk sabon wata sai ta kira ni ta tsayar da ni kusa da garwar ta aske zogalen, alhali ba mai dubawa.

Yanzu idan na bi ta Dichemso ba na iya nuna inda rafin yake, balle lambun, shaguna ne da gidajen sama. Jikokina a leda suke sanin kuɓewa, sai sun zo wurina suke ganin ta a jikin uwarta, su gatsa tumatir su yi ta mamakin zaƙinsa. Gidan da nake ciki nawa ne, ƙasar ma tawa ce, ba mai zuwa ya ɗaura mini komai. A bayansa na yi 'yan kunyoyi, na kewaye su da zogale, jikan jikan na garwar nan. Babban jikana yakan ce in bar shi ya girma mu sami inuwa, in ce masa to. Amma duk safiyar da na fito na ga reshe ya wuce kaina, sai in waiga hanya, in koma in ɗauko adda. Ga shi tsufa ya fara lanƙwasa ni, don haka kowace shekara zogalen ƙara gajarta yake.